Hular da Baba Ya Kai wa Mai Ganga

A gidanmu ba a kiɗa. Ba wai ba ma jin waƙa ba ne, Mama na sa abin da take so a wayarta in tana wanke-wanke. Abin da Baba ya hana shi ne hannun ɗansa ya taɓa ganga. Tun muna Kano nake jin maganar: kowa da gadonsa, mahauci da wuƙarsa, maƙeri da zugazuginsa, mu kuma allo da kasuwa muka tarar. "Ba mu gaji roƙo ba," haka yake cewa, don a wurinsa makaɗi da maroƙi duk kanwar ja ce. Mutum ne da zai tsaya ƙofar gidanka yana wasa ka har sai ka miƙa masa wani abu, in ka hana shi kuma ya sa ka a waƙa, gari ya kwana yana maka dariya.

Ni dokar ba ta taɓa damuna ba. Sai da na gama sakandare muka biyo Baba Greensboro a Amurka, kuma ko tafi ban iya yi a kan ƙa'ida ba. Ƙanwata Auta ce matsalar. Tana ƙarama aka zo da ita, Kano da ƙyar take tuna ta, kuma tun tana rarrafe hannunta ba ya zama. Murfin tukunya, bayan kujera, kwalin madara, cinyata in na yi kuskuren zama kusa da ita. Mama ta ce ƙiriniya ce, za ta daina. Ta kai shekarun 'yanmata ba ta daina ba.

Ina kitso a shagon wata Anti 'yar Nijar a East Greensboro. Bayan shagon akwai filin ajiye motoci na wani gidan wanki, kuma duk Asabar da yamma wani tsoho baƙar fata, ɗan ƙasa, yana tara yaran unguwa a wurin da gangunansu. Manya masu ruri kamar hadari, da ƙanana masu ƙara kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Da farko na tsani abin. Kina tsaga kan mutum gilashin taga na rawa, ki yi magana ba a ji. Na taɓa ce wa Anti a je a yi musu magana, ta ce, "Ke da kika zo jiya? Kama kitsonki."

Wata Asabar na fita zubar da shara sai na hango Auta a cikin layi. Ta cusa hijabinta a wuyan riga, ga ƙaramar ganga rataye a ƙugunta, sandunan hannunta ko ganinsu ba na yi don sauri. A gida laburare ta ce tana zuwa. Na tsaya da kwandon shara a hannu har suka sarara.

"Wannan ce laburaren?"

"Yaya, don Allah." Daga nan ta juye Turanci, don da shi take roƙo, da shi take kuka.

Na ce, "Ni ba na kai tsegumi, amma ba na ƙarya. Ranar da Baba ya tambaye ni, ranar zai ji."

Abin da ban gaya mata ba shi ne ta iya. Ni da ban san kan kiɗa ba na ji cewa sauran yaran ita suke bi.

Ba a ma kai ga tambayata ba. Bayan sallar Juma'a wani ya nuna wa Baba bidiyo a waya, ya ce, "Alhaji, wannan ba taka ba ce?" Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi sauƙi. Ya shiga ɗakinmu, ya zaro sandunan daga ƙarƙashin katifa tare da faifan robar da take koyo a kai, ya sauka ya kulle su a but ɗin motarsa. A lokacin saura 'yan makonni a yi faretin unguwa na lokacin kaka, kuma tsohon ya riga ya zaɓi Auta ta ja layin ƙananan ganguna. Wannan ne karo na farko da wani ya zaɓe ta a kan wani abu. Ta zauna a ƙasan banɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Asabar ta zagayo na ga Baba ya sa Mama ta buɗe akwati. Ya ɗauko hula ɗinkin hannu, sabuwa fil, wadda yake ajiya don Sallah, ya haɗa da kwalbar turare da ƙullin goron da ya saya da tsada a shagon 'yan Afirka.

"Baba, wa za a kai wa?"

"Mai gangar. Ba a raba makaɗi da yaronsa hannu wofi. In ka ɓata masa rai ba ka toshe bakinsa ba, gobe sunanka na cikin waƙa."

"Baba, nan fa Amurka ce. Mutumin nan ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya."

"Makaɗi makaɗi ne ko a ina. Shiga mota."

Baba na jin Turanci, amma na mutanen kudancin Amurkan nan yana zille masa, shi ya sa ya tafi da ni tafinta. Muka tarar da tsohon zaune a kan kifaffen bokiti yana ɗaure fatar wata ganga. Ya miƙe, ya gaishe da Baba da girmamawa. Da aka miƙa masa kayan sai ya karɓa hannu biyu, idonsa har ya kawo ruwa. Shi a zatonsa karrama shi aka zo yi. Ya ɗora hular a kai, a karkace, yara suka ɗau tafi. Baba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ya karɓa. Alhamdulillahi."

Sannan ya ce in tambaye shi wa suke yi wa kiɗa, waye ubangidansu. Na fassara, tsohon bai gane ba. Na yi masa bayani cewa a wurinmu kowace ganga da mai ita: ta sarki daban, ta mahauta daban, kuma makaɗi na da wanda yake ci a ƙarƙashinsa. Ya yi dariya har da riƙe hular.

"Ce masa ba mu da kowa. Mu muke yi wa kanmu."

Baba ya ce, "To tambaye shi, ya gada ne?"

Nan dariyar ta tsaya. Tsohon ya ce kakarsa ta ba shi labari, ita ma daga nata kakannin ta ji, cewa a gonakin da aka bautar da su an hana su taɓa ganga, don masu gonar na tsoron suna aika wa juna saƙo da ita. Aka ƙwace, aka fasa. Sai ya rage musu jikinsu. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya bugi cinya, ya bugi ƙirji, ya tafa, ya doka ƙafa, ya sake, ya ƙara sauri. Ban san jikin mutum na da murya haka ba. Yaran suka ajiye sanduna suka bi shi, filin ya ɗauka ba ganga ko ɗaya.

Da ya tsaya yana haki ya ce, "Wannan na gada. Gangar daga baya muka karɓo abarmu." Ya nuna yaran da haɓa. "Waɗannan in suka taru a kusurwar nan hannu wofi, kafin a jima motar 'yan sanda mai fitila ta zo tambayar me suke yi. In da ganga a wuyansu kowa ya san me suke yi. Su ma sun san ko su waye."

Baba ya girgiza kai. "Allah ya kyauta. Gaya masa abin da aka yi musu zalunci ne, Allah ba zai bari ba. Amma mu ci-rani muka zo, halal muke nema, ba mu da hannu a wannan rigimar. Yarinyata ba za ta dawo ba."

Na fassara yadda ya faɗa, ban sa masa zuma ba. Tsohon ya kalli Baba na ɗan lokaci, kallon da ban fahimta ba a ranar. Ya ce, "'Yarsa ce, shi ke da iko. Gurbinta dai na nan."

A gida Auta ta rage magana. Amma in ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa sai a fara jin wani abu a hankali, tas, tas, dum. Cinya da ƙirji. Ashe tsohon ya koya musu tun kafin ya ba su sanda. Wata rana muna cin tuwo Baba ya ce, "Wai wace ƙara ce wannan kullum?"

Na ce, "Abin da mutum ke yi ne in an ƙwace masa ganga. Ai ka ji da kunnenka."

Mama ta taka min ƙafa. Baba ya tsame hannunsa daga kwano.

"Ni kike haɗawa da masu bayi?"

"Ban haɗa ka da kowa ba, Baba. Tambaya ka yi."

Ya tashi ya bar tuwon. Kwanaki in na gaishe shi da ka yake amsawa. Mama ta ce bakina sai ya kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba. Ta jima tana faɗar haka.

Aikin Baba shi ne ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya ya kai su asibiti ya dawo da su. Yana da wata tsohuwa farar fata a unguwar masu kuɗi ta Irving Park da yake kaiwa wankin ƙoda. Ranar ya isa da wuri, la'asar ta yi, sai ya shimfiɗa darduma a kan ciyawar gefen titi kusa da motarsa, kamar yadda ya saba. Wani ya leƙo ta taga daga ɗaya daga cikin manyan gidajen nan ya ɗaga waya. Baba na sallamewa ya ga 'yan sanda tsaye a kansa.

Ina tsakiyar kan wata mata ya kira ni. Ban gane muryarsa ba. Na bar ta da rabin kitso, na ari motar Anti, da matsefi a hannuna na isa. Kafin nan komai ya wuce. 'Yar tsohuwar ta fito ta ce direban uwarta ne, aka ce masa ya yi haƙuri da damuwa, aka tafi. Amma na tarar da shi zaune a bakin titi inda suka zaunar da shi, hannuwa a kan gwiwa kamar yadda suka ce ya ajiye su, hularsa a ƙasa. An buɗe but ɗin motar, an zazzage komai. Ga sandunan Auta nan a kan kwalta tare da jak da galan ɗin ruwa.

"Na ce musu ni ɗan Nijeriya ne," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Na faɗa, na maimaita. Na nuna rigata. Ko kallon fuskata bai yi ba."

Akwai amsa a bakina. Tun ranar da ya ce ba mu da hannu a rigimar take nan a ajiye. Na haɗiye ta. Na tattara kayan na mayar but, na ɗaga hular na kakkaɓe, na kamo hannunsa.

Daga ranar Baba ya zauna. Bai koma aiki ba, bai je masallaci ba. Ya sauke labulen falo ya zauna a kujera ɗaya da carbi wanda ba ya ja. Mama ta yi masa ɗanwake, abin da ko da zazzaɓi ba ya mayarwa, ya dawo kicin yadda ya tafi. Mutumin da ya yi shekaru yana gaya mana cewa in ka kama kanka ba mai taɓa ka, ya kama kansa har ƙarshe, a kan darduma aka same shi.

Ni kuma na ba da labarin a shago, don ba na iya riƙe abu a ciki. Cikin matan da ke zaune akwai wadda jikanta ke buga babbar ganga a wurin tsohon. Ta dai ce, "Uhm," irin tasu mai tsawo.

Asabar da yamma muka jiyo su daga nesa. Na ɗauka a filin wanki suke iska ce ta kawo, sai na ji abin na matsowa. A bene muke zaune. Baba ya ɗaga gefen labule, ya hango su suna shigowa filin motocin gidanmu a layi, tsohon a gaba da hular nan a karkace.

"Innalillahi. Ba na gaya miki ba? Hular ba ta ishe shi ba. Ya ji an wulaƙanta ni, ya zo ya yi min zambo a gaban maƙwabta." Ya fara kwance agogon hannunsa. "Sauka ki ba shi wannan, ki ce na roƙe shi ya rufa min asiri."

Na sauka, amma agogon a aljihu na bar shi. Sai da na yi ihu kafin tsohon ya ji ni.

"Babana na tambaya me kuke so!"

Ya sunkuyo. "Ba abin da muke so. Haka muke yi. In aka zaunar da wani namu a ƙasa, ƙofarsa muke zuwa mu buga har ya miƙe. Mun yi wa mai aski na kan kwana, mun yi wa wata nas da aka tare a hanyar dawowa daga aiki. Yau na babanki ne."

"Ai ya gaya maka shi ba naku ba ne."

"Na ji. Su waɗanda suka zaunar da shi sun tambaye shi?"

"To sai yaushe za ku tafi?"

"Sai ya fito."

"Ba ka san Babana ba."

"Ke ma ba ki san ni ba, 'yata."

Na hau na mayar wa Baba agogonsa, na gaya masa yadda muka yi.

"Sun ambaci sunana?"

"Ba waƙa ma suke ba, Baba. Kuma ba su san sunan ba."

"To me za a ba su?"

"Ka fito, shi ke nan."

Ya koma kujera. Kiɗan bai tsaya ba. Maƙwabta suka firfito baranda, har matar nan 'yar Gana da ke ƙasa da mu ta fara kaɗa kafaɗa da ludayi a hannu. Daga taga ana ganin layin ƙananan ganguna da giɓi a tsakiya, an ajiye ganga ɗaya a ƙasa ba mai ita. Auta na tsaye a ƙofar ɗaki ta danne hannuwanta a hammata don kada su motsa.

Can sai Baba ya fara magana, ba da ɗayanmu ba. Ya ce yana yaro akan kai shi ƙauye da damina wurin kakansa, kuma in an kira gayya a gona akwai mai gangar noma da ke zuwa. "Ba gaban gwani yake tsayawa ba," ya ce. "Idonsa na kan wanda ya fara sassautawa. In ya ga bayan mutum ya ƙi miƙewa, garma na neman faɗuwa, sai ya bi bayansa ya yi ta zuba masa, ya yi ta zuba masa, har ya kai bakin gona." Ya kasa kunne ga kiɗan. "Kakana malami ne. Amma da hannunsa yake kai wa mutumin nan fura."

Mama ta kalle ni, kallon da ke cewa in kika buɗe baki sai na ci mutuncinki. Ban buɗe ba.

"Ba ni hulata," in ji Baba.

Muka bi shi a baya. Ya sauka a hankali yana riƙe ƙarfen bene. Da yaran suka gan shi suka ƙara wuta, amma ko kallonsu bai yi ba, ya ratsa ta gefensu ya nufi motarsa. Na ce a raina guduwa zai yi. Ya buɗe but, ya lalubo sandunan, ya miƙo min.

"Ba ta."

"Ga ta nan bayanka, Baba. Kai ka karɓa."

Ya harare ni. Sannan ya juya ya sa su a hannun Auta, bai saki nan da nan ba.

"Hijabinki a kanki, sallarki a kan lokaci. Kuma ranar da na ji kin wasa wani don ya ba ki abu, ranar kin gama."

"To, Baba," ta ce. Da Hausa. Na manta rabon da in ji haka.

Ta ruga ta rataya gangar. Bugunta na farko sai layin ya daidaita kamar an ja zare. Daga baranda Mama, wadda ban san ta koma sama ba, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Yaran ba su taɓa jin irinta ba, rabinsu suka rikice suka saki kiɗa suna kallon sama. Tsohon ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce in roƙi Mama ta sake, amma wannan karon ta jira ya ɗaga hannu. Ta kuwa sake. Baba ya tsaya kusa da shi, hannu a baya, bai yi rawa ba, bai yi murmushi ba. Ya dai sa hannu ya gyara wa tsohon zaman hular.

Ran Litinin ya koma aiki. Wanda ya kira 'yan sanda bai nemi afuwa ba, har yau ba mu san ko ta wace taga ba ce. 'Yar tsohuwar ta ce wa Baba ya riƙa shigowa yana sallarsa a barandarsu ta baya. Ya yi mata godiya, ya shimfiɗa dardumarsa a kan ciyawar nan ta gefen titi inda ya saba.

Ranar fareti na rufe kan da nake yi da wuri, Anti ma ta ja ƙofar shago muka fita tare. Auta ta wuce a gaban layinta, fuska ɗaure kamar mai zuwa yaƙi, na kira ta har maƙogwarona ya yi zafi ba ta waigo ba. Baba ya ce shi ba zai je ba. Na hango shi can nesa ƙarƙashin wata bishiya, wai ya zo wucewa ne.

Har gobe in ka tambaye shi zai ce maka ba mu gaji kiɗa ba. Mutumin nan mai bidiyo bai haƙura ba, ya sake tare shi a ƙofar masallaci a gaban mutane, ni kuma ina cikin mota ina jiran Mama, gilashi a sauke.

"Alhaji, ashe mun samu makaɗiya a gida? Sai mu fara tanadin liƙi."

"Ba roƙo take ba. Gangar noma ce."

"Noma? A Greensboro? Ina gonar, Alhaji?"

Baba ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe.

"Ɗauki dardumarka ka je Irving Park da la'asar," ya ce. "In ka dawo ka gaya min."